Libarbar 1863 da na tsinta a gwanjo

A cikin akwatin kayan aiki na same ta, ƙarƙashin tsofaffin sifanoni da wata guduma marar ƙota, an cusa ta cikin safar ulu. Gwanjon kayan wani mamaci ne a wani ƙaramin gari kudu da Kolombus, a jihar Ohayo, irin wanda magada kan buɗe gida ranar Asabar su liƙa wa komai farashi, daga kujera har cokali. Ni injin yankan ciyawa ya kai ni. Da na zaro safar na ji nauyinta, fiye da kilo ɗaya, sai ga libarba baƙa wuluk da tsatsa, mai dogon bututu, mariƙinta na katako ya sha hannu har ya yi santsi. Matar da ke karɓar kuɗi ta ce kwaikwayo ce ƙirar Italiya, mahaifinta ya daɗe da rataye ta a gareji, kuma ba ta aiki. Na taya, ta sallama, na haɗa da akwatin gaba ɗaya. Injin ciyawar kuwa ban saya ba, har yau uwargida tana yi mini gori a kai.

Kafin in ɗora ta a mota sai da na tsaya na tambaya, domin baƙo ba ya wasa da dokar bindiga a ƙasar mutane. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ware bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwaikwayonsu masu cin albarushi ta baki, ta sa su a sahun kayan tarihi, amma kowace jiha tana da nata ƙarin sharuɗɗa. A Najeriya ba haka ba ne ko kusa: dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol, har da tsofaffi masu ƙanƙara, cikin makaman da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa. Saboda haka wannan labari na can ne, kada wani ya ɗauka zai gwada a Funtuwa.

Kuskurena na farko a daren na yi shi. Mu dai mun tashi da cewa gyaran tsohon ƙarfe shi ne a goge shi har ya ɗauki ido, kamar yadda mata ke dirje tukunya da toka ana gobe Sallah. Na tanadi samfefa, na ɗauko sukurudireba ta gida na ɗora a kan wani sukuru, na murɗa da ƙarfi. Ta zame, ta yage bakin sukurun, ta bar wani farin tabo a jikin ƙarfen kamar tsagar wanzami. Tabon nan ne ya tsayar da ni, Allah Ya so ban kai ga samfefar ba. Washegari wani abokin aikina ya kwatanta mini shagon wani dattijo maƙerin bindiga da ya ƙware a kan tsofaffi.

Dattijon bai ko dubi rubutun jikinta ba da farko. Ya juya bakinta wajen wani buhun yashi a kusurwar shago, ya ɗauko siririn tsinken katako, ya riƙa zura shi cikin ramukan silinda ɗaya bayan ɗaya, yana kama iyakar zurfin da farcen babban yatsa. Silindar ita ce gangar nan mai ramuka shida da ke juyawa a bayan bututu. A ramuka huɗu tsinken ya shige har ƙasa. A biyu kuwa ya tsaya tun bai yi nisa ba. Ya haska 'yar tocila ya ce in leƙa. Abin da na ɗauka dattin gareji ne ashe dalma ce, ta yi fari-fari saboda tsufa, kuma a bayanta akwai albarushi. Ya ce albarushin gargajiya ba ya mutuwa don shekaru, in dai bai jiƙe ba yana nan da ransa. Na tuna yadda na kwana da ita a kan teburin cin abinci, bakinta yana kallon ɗakin yara, sai na nemi kujera na zauna. Ya ɗura mai mai ratsa tsatsa a ramukan biyu, ya ce sai sun yi kwanaki suna sha kafin ya huda dalmar ya zaro ta.

Bayan mako guda na koma, a ranar ce muka shiga neman asalinta, kuma a nan na fi jin daɗin aikin duka. Dattijon ya ce yawancin irin waɗannan da ake kawo masa 'yan Italiya ne. Tun wajen 1959 kamfanoni irin su Uberti, daga baya da Pietta, suke ƙera kwaikwayon tsofaffin libarbobin Amurka a yankin Biresha, kuma wadda ta yi shekara hamsin a gareji mai laima tana iya ruɗin mutum. Amma dokar Italiya ta tilasta a gwada kowace bindiga a buga mata hatimi: tauraro a kan haruffan PN, waɗanda ke nufin baƙin albarushi da harshensu, da wata alama ta shekarar ƙira. Muka bi jikinta kaf da gilashin ƙara girma, babu. Ya ce rashin hatimi ba hujja ba ce, domin macuta suna kankare shi su binne bindiga a taki ta yi tsatsa su sayar da ita a matsayin ta da. Sai ya gwada zaren wani sukuru da ya kwance. Na Italiya da milimita ake yanka su, wannan kuwa da inci aka yanka shi. Ya tura tsumma a bututu, ya haska, ya nuna mini layukan da ke ciki guda bakwai: daga gindi kusan a miƙe suka faro, suna ƙara murɗewa yayin da suke kusantar baki. Ya ce masu kwaikwayo na kasuwa ba sa wahalar da kansu da wannan.

Sauran tambaya ita ce ta wane kamfani ce, domin ko a zamanin akwai masu kwafa. Haƙƙin mallakar ƙirar libarba da Ba'amurken maƙerin bindiga Samuel Colt ya samu a 1836 ya ƙare a 1857, wasu suka shigo da nasu mai kama da tasa, irin kamfanin Manhattan na Newark, wanda yawancin nasa ramuka biyar ne. Tawa shida ne. Bututunta mai kusurwa takwas ne, tsawonsa inci bakwai da rabi. Dattijon ya shafa alli a samansa ya share da tafin hannu, sai farin ya maƙale a cikin haruffa suka fito: ADDRESS COL. SAML COLT NEW-YORK U.S. AMERICA. A gefen hagu na gangar jiki kuma, ƙanana ƙwarai, COLTS PATENT. Ita ce wadda ake kira Colt Navy ta 1851, faɗin bakinta kashi 36 cikin ɗari na inci. An ƙera irinta fiye da 200,000 a Hartford tsakanin 1850 da 1873, da wasu kimanin 42,000 a masana'antar da ya buɗe a Landan. Duk da sunan New York da ke kanta, a Hartford aka yi ta.

Lambobin su ne suka ba da shekara. Kamfanin yakan buga lamba ɗaya a wurare da dama: ƙarƙashin bututu, gangar jiki, zoben da ke kare kunama, gindin mariƙi, da jikin silinda. Muka bi su ɗaya-ɗaya, duk sun dace, 140,000 da 'yan kai, wanda a jadawalin da masana suka tattara ya faɗa 1863. Sakata kaɗai, wato ƙarfen da ke ratsawa ya ɗaure bututu da gangar jiki, ita ce baƙuwa, babu lamba a kanta, wani ya ɓatar da ta asali ya sa wannan tun da daɗewa. 1863 tsakiyar yaƙin basasar Amurka ke nan, shekara guda bayan rasuwar Colt, shekara guda kafin gobarar Fabrairun 1864 da ta cinye masana'antar Hartford tare da takardu masu yawa. Ni kuwa lissafin da na yi a zuci daban ne: lokacin Abdullahi Maje Karofi yana sarautar Kano, saura shekara 40 Turawa su fasa ganuwar birnin. Babu hatimin soja a jikinta, kuma a lungun zoben kunama, inda yatsa ba ya kaiwa, akwai ragowar ruwan azurfa a kan tagullar. Dattijon ya ce wannan ya fi kama da wadda mutum ya saya da kuɗinsa a kanti.

Abin da ya fi burge ni zanen silinda ne. Da ido ba ka ganin komai sai baƙi. Amma in ka karkata ta ga hasken taga kana juyawa a hankali, sai ka ga inuwar jiragen ruwa masu filafilai, da 'yan layukan igiyar ruwa, sun kusa shafewa. Hoton yaƙin Kamfece ne, inda jiragen Teksas suka kara da na Meziko, kuma a gefen gaba akan rubuta ranar, 16 ga Mayu 1843. A tawa 43 kawai ta rage. Daga wannan zane da girman bakin sunan Navy, wato na sojan ruwa, ya bi ta, alhali yawancin masu riƙe ta a tudu suke. Dattijon ya dube ni ta saman tabarau ya ce da na sa samfefar nan minti biyar, da jiragen sun nutse har abada, da rabin kuɗinta ya bi su. Ban ce uffan ba.

Shi ne ya gindaya mini sharaɗi kafin ya yarda in zauna kusa da shi a yi gyaran tare: ba za a goge ba, ba za a sake mata launi ba, ba za a taɓa katakon da fenti ba. Jar tsatsa mai cin ƙarfe ita za a kashe, da mai da ulun tagulla mai laushi. Baƙin launin da shekaru suka ɗora kuwa nata ne, a bar mata. Na ɗan yi gardama, don har ga Allah a idona kamar mun bar aiki rabi ne. Ya ce in ina son mai walƙiya in je kanti, 'yan Italiya suna nan sababbi a kwali da arha.

Kwance ta ba wuya in ka sani. A ɗaga guduma, wato ƙarfen baya da ke sara in an ja kunama, zuwa rabi, a bugi sakata daga dama ta fito hagu, a danna sandar ɗuri da ke ƙarƙashin bututu a jikin silinda, sai bututu ya zame gaba, silinda ta fita daga ƙarfen tsakiya. Ciki kuwa 'yan ƙarafa ne da ba su cika tafin hannu ba. Laifin da ya sa aka ce ba ta aiki guda biyu ne, kuma dukansu sifirin ne. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar yatsa da ke manne da guduma, shi ke tura silinda ta juya duk lokacin da ka ɗana. Sifirinsa, wanda bai fi farce faɗi ba, ya karye. Akwai kuma haƙorin da ke tasowa daga ƙasa ya faɗa cikin tsagar silinda ya kulle ta daidai da bututu. Sifirinsa mai ƙafa biyu ne, ƙafa ɗaya ta tsage. Na yi odar sababbi irin na kwaikwayon Italiya don sun fi arha, suka zo ba su zauna ba. Dattijon ya yanko nasa daga ƙarfen sifirin, ya goga, ya gasa, ya tsoma a mai, ya sake ɗumama shi har ya yi shuɗi. Na farkon ya karye a gwaji. Bai ce komai ba ya yanko wani. Na tuna maƙeran garinmu da zugazuginsu, hannun ɗaya ne, sai dai wannan da gas yake hura wuta.

Nonuwan su suka cinye mana lokaci. Haka su ma suke kiransu da Turanci, 'yan ƙarafa shida masu huda a bayan silinda, inda ake kifa 'yar hular jan ƙarfe mai ɗauke da maganin tartsatsi. Hulunan da suna barin gishiri mai cin ƙarfe, ga dattin albarushi mai jawo laima, don haka nonuwan sun zama jiki ɗaya da silinda. Huɗu sun kwance bayan mako biyu a cikin mai. Na biyar sai da aka ɗan ɗumama. Na shida ya ƙi har wata guda, kullum in je in ɗiga mai, in ƙwanƙwasa a hankali, in dawo gida. Na ce masa mu sa ƙarfi mana. Ya nuna mini tabon da na yi a daren farko da bakin biro, ya ci gaba da aikinsa. Ranar da ya motsa, wani ɗan ƙara ya yi kamar an taka busasshen ganye. Muka sa sababbi masu zaren inci, tsofaffin da karyayyun sifirin na zuba su a kwalbar magani na rubuta kwanan wata, domin duk wanda ya gaje ta ya san abin da aka canza.

Daga nan sai saiti. Dole haƙorin ya faɗa tsagarsa daidai lokacin da guduma ta gama ɗanuwa, ramin silinda ya fuskanci bututu sak. In ya kauce ko kaɗan, dalma za ta daki gefen bututu ta fantsama. Dattijon yana ɗana ta a hankali kusa da kunnensa, idonsa a rufe, sannan ya zura sandar awo ta baki ya ji ko za ta shige kowane rami ba tare da tuntuɓe ba. Sau uku yana fitar da ɗan yatsan nan yana shafa shi a dutsen wasa, shafa biyu ko uku kawai, ya mayar.

Ko a harba ta ko kada a harba, mun yi kwana biyu muna wannan zance. Masu tara kayan tarihi da yawa ba sa harba na asali, kuma suna da gaskiyarsu: ƙarfen 1863 ba na yau ba ne, in silinda ta fashe ba a dawo da ita, ba a dawo da yatsu. Dattijon ya shafa mata wani jan ruwa mai tona tsaga, ya share, ya fesa farin gari, muka jira. Babu jan layi ko ɗaya. Ya auna kaurin bangon ramukan, ya ce zaizayar tsatsar ba ta yi zurfi ba. Hukuncinsa: ɗuri mai sauƙi, harbi kaɗan, kuma albarushin gargajiya kaɗai. Ya maimaita wannan har sau uku, ya ce garin harsashin zamani marar hayaƙi ko cokalin shayi aka zuba mata zai tarwatsa ta.

Muka je filin harbi wata safiyar Oktoba mai sanyi. Harbin farko ba da hannu aka yi ba. An ɗaure ta a tsohuwar taya, aka ja kunama da doguwar igiya daga bayan allon katako, rami ɗaya-ɗaya har shida, ana dubawa bayan kowanne. Sannan ya miƙo mini ita ya ce in ɗura da kaina. Ana auna albarushi a ma'auni, ba a zuba shi kai tsaye daga gora, giren 15 muka sa, wato kusan giram ɗaya. Sai ɗan faifan ulu mai kitse da kakin zuma, sai ƙwallon dalma zalla wanda ya ɗan fi ramin faɗi. Ka juya shi ƙarƙashin sandar ɗuri ka danna, sai bakin ramin ya aske masa wani siririn zobe kamar na yatsar jariri. Zoben nan shi ne shaidar ramin ya toshe, wuta ba za ta tsallaka maƙwabci ta tashi ramuka biyu ko uku lokaci ɗaya ba. Huluna su ne na ƙarshe, bakin bindiga yana kallon gaba. Yatsuna sun yi sanyi, na zubar da uku a ciyawa kafin in kifa ɗaya.

Ba ta da wurin saiti na baya sai wata 'yar tsaga a kan guduma, wadda ba ta bayyana sai ka ɗana. Na daidaita ta da ɗan tsinin tagullar da ke gaba, na ja. Ƙarar ba irin ta bindigar zamani mai tsaga kunne ba ce, wani dum ne mai kauri, kuma ba ta yi tsalle a hannu ba, turawa kawai ta yi. Farin hayaƙi ya rufe kwalin da ke yadi 15, ya tsaya cak don babu iska. Warin farar wuta ya shiga hancina, sai ga ni ɗan shekara tara a kafaɗar kawuna ranar hawan Sallah, 'yan bindiga suna sakin bindigogin toka a gaban sarki, dawakai suna zabura, hayaƙin nan dai yana bin rawuna. Shekara da shekaru ban tuna ranar ba. Dattijon ya taɓa ni ya ce saura huɗu, don ramuka biyar muka ɗura.

Harbin ya tafi sama da inda na nufa da kusan taƙi guda. Ya ce haka suke, an saita su ne don nesa, in nufi ƙasan kwalin. A na uku fasasshiyar hula ta faɗa tsakanin guduma da gangar jiki, komai ya cije, sai da muka cire ta da tsinke. Na yi mamakin mutanen da suka shiga yaƙi da wannan a kan doki. Sau uku na ɗura, harbi 15, tara sun shiga kwalin, kuma kafin in gama silinda ta fara nauyin juyawa saboda datti. Dattijon ya ce ya isa haka, na bana ke nan.

Wanki a ranar ake yinsa, ba a kwana. Ruwan zafi da sabulu kawai, domin dattin albarushi gishiri ne, mai ba ya narkar da shi. Na kwance bututu da silinda na tsoma a roba a kicin, ruwan ya koma baƙi kamar tawadar allo, gidan ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Uwargida ta leƙo ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Baban yara, wannan kuma a garejinka, ba a kicin ɗina ba." Na kwashe na koma gareji, na busar da su da na'urar busar da gashinta, abin da ba ta sani ba har yanzu, na shafa mai na mayar.

Da dare na kira kawu. Ya tsufa, amma a zamaninsa maharbi ne, bindigar tokarsa tana nan rataye a zaure. Na ba shi labari tun daga safar ulu har jiragen ruwa, yana ta "ikon Allah". Ya tambayi yadda ake ɗurin, da na ce ana aunawa da ma'auni ya yi dariya, ya ce shi da tafin hannu yake aunawa, ya danna da tsumma. Sai ya ce, "To ɗana, me ka kashe da ita?"

Na ce, "Kwali, Kawu."

Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce, "Wata biyu kana gyara, ka harbi kwali?" Na ji yana kiran inna ta zo ta ji.